Motar da Ke Kifewa

Ƙanin mijina ya haura shekara talatin, yana da gemu, yana da mata da jariri, amma duk ranar hutu sai ya saɓi kujera mai naɗewa ya tafi bayan gidajenmu wasa da motar yara. Kuma ba shi kaɗai ba. Ƙungiya ce guda, duk magidanta, shugabansu ma har da furfura da tumbi. Akwai wani fili da aka fara haƙa harsashin gini aka watsar, aka bar tulin duwatsu da fasassun bulo. Nan suke jera kujerunsu a inuwa, kowa da rimot a hannu, suna kallon motocinsu na jan ciki a kan dutse kamar ƙadangaru masu ciwon baya. Shi ƙanin mijin nawa Injiniya ake ce masa, ko da yake iyakar injin da na san ya taɓa gyarawa fankar ɗakinmu ce, ita ma tun ranar ba ta sake juyawa ba.

A kan waɗannan duwatsun 'yata ta faɗo.

Filfilo muke ce mata, don tun tana rarrafe ba ta san zama wuri ɗaya ba. Shekararta bakwai. Sun hau tulin da yaran maƙwabta, dutse ya goce, ƙashin cinyarta ya karye. An yi aiki, an sa ƙarfe, ƙashi ya haɗe. Amma da aka ce ta taka, sai ta ƙi. Daga gado sai kujerar falo, daga kujera sai banɗaki, shi ma da sanda, tana ɗage ƙafar kamar aro aka ba ta. Likitar gashin ƙashi ta auna cinyoyin biyu a gabana, na ga da idona yadda ta hagun ta tsotse. Ta ce yawo a kan tayil ba zai isa ba, sai ta taka ƙasa mai tudu da kwari, ta sunkuya, ta miƙe. In ba haka ba gwiwar za ta sandare, ɗingishin ya bi ta har girma.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na shiga kicin na yi kuka na fito. Babanta direban babbar mota ne, nasa lallashin ta waya yake yi. Ba abin da ya fitar da ita ƙofar gida. Sai wata ranar hutu na same ta a taga, ta ɗora haɓa a kan ƙarfe tana leƙen fili.

"Mama, jar motar Baffa ta hau har sama."

"Na gani."

"Ni ma za a saya mini?"

Tun da ta faɗi ba ta roƙe ni komai ba sai a ƙyale ta. Shi ya sa na haɗiye abin da ke raina na kira Injiniya.

"Matar Yaya!" ya ce. "Yau ke ce da kanki? Ba ke kika ce mu taron marasa aikin yi ba ne?"

"Na ce, kuma ban janye ba. Mota nake so wa 'yarka. Ka kai mu inda ake sayarwa."

"Kin zo gidan abin. Ke dai ki yi shiru a can, kar ki ba ni kunya."

Shagon wani ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule, yana warin roba da man inji. An tara duwatsu a cikin wani faffaɗan tire a tsakiya, don gwaji. Mai shagon na ganin Injiniya ya miƙe har da ba da hannu biyu, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ke kyautata wa aljihun mutum. Ya jawo wa Filfilo kujera, ya sa mata kwali ta ɗora ƙafa.

Na fara nuna wasu masu ƙyalli a jere, irin na tsere. Mai shago ya girgiza kai.

"Waɗannan gudu kawai suka iya, madam. Kan ki ƙifta ido sun fita titi. Dutse kuwa ko tsakuwa suka taka sai su yi tsalle. Mai hawa dutse daban take, a hankali take tafiya, tayoyin nan huɗu duk suna ja."

To, wannan dai magana ce. Ba na son abin da zai ja mini yarinya titi.

Injiniya ya riga ya sa an sauko da wata ƙatuwa, ja, 'yar'uwar tasa. Tsawonta ya kai kamu biyu. Tana da fitilu, tana da tayar safiya a baya, har da 'yar jarka da ɗan shebur da aka manna a jiki, waɗanda ba sa ɗaukar ruwa ba sa haƙa komai. Ya durƙusa yana shafa ta kamar ya ga jaririnsa, ko da yake ban taɓa ganin ya durƙusa wa jaririn haka ba.

"Dubi sifirin, matar Yaya. Dubi taya. Wannan ba ta san kifewa ba. In ma ta maƙale, ga igiya a gaba, ki danna nan ta ja kanta. Rimot ɗin kuwa daga nan har bakin titi yana kamawa."

"Yarinya tana zaune a kujerarta," mai shago ya ƙara, "ba ta tashi ba har batir ya ƙare."

"Ai doka ce ma a wurinmu," in ji Injiniya. "Ba a sa hannu. Motarka ta kife ka taɓa ta da hannu, kai za ka sayi lemon kowa. Sai dai ka tayar da ita da rimot, ko wani ya turo tasa ta ja ka. Nan ake gane gwani."

Gaskiya maganar ta shige ni. Tana zaune a inuwa kusa da ni, motar ce ke hawa dutsen, ba ita ba. Ba gocewa, ba ihu, ba ni da gudu da yarinya a kafaɗa ina neman mai tasi. Har na buɗe baki zan ce a naɗe mana.

Sai na juya na ga Filfilo. An ba ta rimot ɗin, ya cika mata cinya, da ƙyar yatsanta ke kaiwa maɓalli. Ta nutse cikin kujera, ta miƙe ƙafa a kan kwali, haɓa a ƙirji, ido a kan mota. Zaman nan na san shi. Duk ranar hutu ina ganinsa ta taga, jere a inuwa. Tumbin kawai ya rage mata.

Na rufe bakina. Na sunkuya na ɗaga jar motar. Ni kaina sai da na sa hannu biyu.

"Malam," na ce wa mai shago, "wacce ce ta fi saurin kifewa a cikinsu?"

Ya dubi Injiniya, ya dube ni.

"Wato wacce za ki guje wa?"

"Wacce zan saya."

"Na ce ki yi shiru fa!" in ji Injiniya. "Ka ji irin abin da Yaya ke fama da shi."

"Yayanka yana tuƙa motar gaske, shi ya sa ba ya nan. Malam, nuna mini."

Mai shago ya hau kan kujera ya sauko da wani ɗan kwali daga saman kanta, ya hure ƙurar da ke kai. Motar ciki ba ta wuce takalmina ba. Ga tsayi, ga ƙaramin jiki, kamar an ɗora akwati a kan taya. Ya ajiye ta a tire. Ta kama dutsen farko ta hau tiryan-tiryan, ta kama na biyu, ta karkata, ta yi ƙafa sama tana wutsil-wutsil da tayoyi.

"Kin gani," ya ce. "Tana hawa, ba laifi, amma in ba a bi da ita a hankali ba sai ta juye. Rimot ɗin kuma ba ya nisa. In ta ɗan yi gaba sai ta tsaya, sai an matso."

Na matsa tayar da yatsa, tana da laushi, za ta kama dutse. Na tambaye shi ko tayoyin huɗu duk suna ja, ya ce suna ja. In taya ta yage ko ƙarfen ƙasa ya karye, yana da wasu? Ya buɗe durowa ya nuna mini. Batir fa, in raɓa ta taɓa shi? A rufe yake, amma kar a sa ta a kududdufi. Na miƙa wa Filfilo ita, ta ɗaga da hannu ɗaya. Na ba ta rimot ɗin, ya zauna mata a tafi daidai.

"Ni irin ta Baffa nake so," ta ce, baki a tunzure.

"Wannan za a saya. Zaɓi launi."

"Ba na so."

"Ka ba mu shuɗiyar."

A tasi Filfilo ta juya mini ƙeya. Injiniya ne ya cika motar da surutu, wai na ɓata wa yarinya farkon shiga harka, wai zai sha dariya a ƙungiya. Ni kuwa kwalin na kan cinyata, ina ta lissafi. In ta ƙi motar gaba ɗaya, shi ke nan, na rufe ƙofa ɗaya tilo da ta buɗe mini da kanta.

Motar ta kwana biyu a kan tebur Filfilo ba ta taɓa ta ba. Sai da ta ga na fita shanya na leƙo na hango ta tana tura ta kan matasan kujera. Na ci gaba da shanyata. Da ranar hutu ta zagayo, da la'asar, na ce ta ɗauki sandarta. Ta yi jim a bakin ƙofa, ta dubi fili. Sannan ta fito, ina riƙe da hannunta, tana ɗage ƙafar nan.

Suna nan a jere. Shugaba mai tumbi ya ɗaga tabarau ya leƙa abin da ke hannuna.

"Injiniya, wannan ce ka zaɓa wa 'yar taka? Ko maƙalar makulli ce?"

"Ba ruwana, Shugaba. Uwarta ce. Na yi iya yina."

Suka bushe da dariya. Wani ya tashi ya ba Filfilo kujera, ni kuma na tsaya a bayanta. Ta ajiye motar a ƙasa ta danna. Shuɗiyar ta tafi a hankali, ta ratsa ciyawa, ta hau wani fasasshen bulo, ta sauka, ta kama gindin tulin. A dutse na biyu ta karkata. Ƙafa sama.

"Shi ke nan, an tashi wasa!" in ji wani.

Injiniya ya gyara zama. "Kar ki damu, 'yata. Bari Baffa ya zo da igiya." Jar motarsa ta taso da fitilu a kunne ga rana ba ta faɗi ba. Na taka na tsaya a gabanta, ta zo ta dungure mini takalmi.

"Matar Yaya, matsa mana."

"Mayar da ita."

Filfilo ta ɗago ta dube ni. "Mama, ɗauko mini."

Wurin da motar ta kife bai wuce tsawon falonmu ba, amma duk tsakuwa ce da ramuka, kuma can sama kaɗan ne dutsen da ya kayar da ita. Na san shi, na sha zuwa na tsaya ina hararsa. Ƙafafuna har sun fara tafiya da kansu. Na riƙe bayan kujerar da ƙarfi.

"Motarki ce. Je ki tayar da ita."

"Baffa ya ce ba a sa hannu."

"Wannan dokar masu tumbi ce. Sunkuyawar ce ba sa iyawa, shi ya sa suka kafa ta."

Ta dubi Shugaba, ta dubi maɓallin rigarsa da ke neman ɓallewa, dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Shugaba ya tsuke ciki, tumbin bai tafi ko'ina ba.

Ta dogara sanda ta miƙe. Taku na farko da tsalle ta yi shi, ƙafa a ɗage. Sandar ta nutse cikin tsakuwa, Filfilo ta yi tangal-tangal. Sai ta sauke ƙafar hagun. Ta tsaya tana sauraron abin da zai faru. Ba abin da ya faru. Ta sake takawa, fuska a yamutse, tana ɗingishi, amma da ƙafa biyu. Da ta isa ta tsaya a kan motar tana tunanin yadda za ta kai ƙasa. Ta lanƙwasa gwiwar kaɗan, ta ce "wash," ta ƙara lanƙwasawa, ta kama motar ta juya ta.

"Hannu! Hannu!" suka ɗauka gaba ɗaya. "Lemo! Ta ci tara!"

Magidanta, masu iyali, suna tafi don yarinya ta taɓa abin wasanta. Ban ko dube su ba.

Motar ta yi gaba ta bi gefen tulin, ta ɗan yi nisa, ta tsaya cak. Filfilo ta danna, ta girgiza rimot, ba motsi. Ta yi tsaki irin na babanta, ta matsa taku uku, motar ta farka. Da yake rimot ɗin hannu biyu yake so, ta maƙale sandar a hammata. Can sandar ta zame ta faɗi cikin ciyawa. Ba ta waiwaya ba, motar na shirin juyewa kuma.

Injiniya ya yunƙura zai tashi ya miƙa mata.

"Zauna," na ce. "Ba a sa hannu."

Na ɗauki sandar na ɓoye a bayana, na bi ta a hankali, hannuna ɗaya a buɗe kusa da bayanta ba tare da na taɓa ta ba.

"Matar Yaya," ya ɗaga murya, "ta sake taɓawa fa! Lemon nan yana taruwa."

"Ku yi ta ƙirgawa," na ce. "Ai kun samu aikin yi."