Ranar da Aka Ɓoye Tsintsiya

Ƙanena Dogo ya ƙarar da ƙuruciyarsa a saman bene yana gadin akwatunan gilashi. Cikin kowanne akwai ruwa da wani baƙin faranti mai shan hasken rana. In rana ta bugi farantin sai ruwan ya rabu, kumfa ta taso, iskar haidurojin ta bi bututu zuwa tanki. Abin haushin, farantan ba sa ƙarko, ruwan ke cinye su. Na sha yi masa tsiya cewa duk karatun nan ya ƙare a tafasa ruwan sanyi.

Shi da abokan aikinsa suna da wata al'ada a wurin. Wutar haidurojin ba a ganinta da rana, don haka ba mai kusantar bututun sai da doguwar tsintsiya miƙe a gabansa. In bakinta ya kama, ka ja da baya.

Da Allah ya sa wani faranti da Dogo ya haɗa ya ƙi lalacewa, aka gayyato manyan baƙi.

"Yaya, ki zo ki gani," in ji Dogo, "ko kya daina min dariya."

A gabana manajansu ya sa aka kwashe tsintsiyoyin. "Mun sa na'urar da ke ƙara in iska ta ɓulla. So kuke a ɗauke mu hoto kamar masu shara?" Har yau in na tuna muryarsa zuciyata tafasa take.

Rana tsaka, ana cikin jawabi, muka ji huci daga bututun. Na'urar ko tari ba ta yi ba. Dogo ya waiga inda tsintsiya ke jingine, wayam. Ya dubi farantinsa. In zafi ya fasa gilashin, wahalarsa ta tashi a banza. Ya nufi makunnin rufe bututun hannu sake.

Wallahi ban ga wuta ba. Gashin girarsa na ga ya nannaɗe, sannan ya dafe fuska ya durƙusa.

Yanzu a ɗakina na baya yake zaune. Kullum hantsi, in ya ji ɗumin rana ta taga, sai ya tambaya.

"Yaya, farantin yana kumfa?"

"Yana yi," nake cewa, alhali tuni an kwashe komai an kulle benen.

Sai ya gyaɗa kai, ya lalubo sandarsa, ya miƙa ta gabansa ya nemi ƙofa.