Wendel Bai Yi Aure Ba

Ranar da Ewald ya iso Eschenau daga Jamus, sai da Loni ta yanka masa kaza. Ɗan goggonta ne, abokin wasa, kuma rabonsa da ƙauyen shekara ashirin da shida, tun lokacin da aka buɗe iyakar Romaniya, Jamusawan yankin Banat na ƙasar suka tattara nasu-ya-nasu suka koma ƙasar da kakannin kakanninsu suka baro. Loni kaɗai ce ta kafe. Ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ya sha romo da taliya kwano biyu, ya goge baki, sannan ya zaro damin takardu daga jaka. Shekara tara ke nan yana haɗa littafin asalin ƙauyen, gida-gida, tun daga mutanen farko da suka biyo kogin Danube aka yanka musu gonaki a cikin fadama. Wata mai kamawa za a kai shi maɗaba'a. Maƙabarta kawai ta rage masa. Da mutane za su tafi, kowa siminti ya malala a kan kabarin iyayensa, tunda ba mai sauran cire ciyawa. Gicciyen katako sun ruɓe, sunaye sun goge, kuma kowa ya san Loni na da wani tsohon littafi da ya nuna wanda ke kwance a kowane rami.

"Shi na zo aro, 'yar Kawu," in ji Ewald. "Kwana biyu kacal."

"Ashe ba kazata ta kawo ka ba. To, miƙo in ga gidanmu tukuna."

Ta maƙala tabarau, ta bi shafin da yatsa. Ga kakanta, ga kakarta Apollonia wadda aka sa mata sunanta, shi ne aka taƙaita ya koma Loni. Ga babanta, Wendel Gängler, ranar haihuwa daidai, ranar rasuwa daidai. A ƙarƙashinsa kalma biyar: bai yi aure ba, ƙarshe.

Ta cire tabarau ta dube shi.

"Ewald, ni daga ƙwai aka ƙyanƙyashe ni?"

"Haba Loni, ki fahimta. Ƙa'ida ce. Abin da ke cikin rajistar cocinmu kaɗai muke ɗauka. Auren Kawu ba ya ciki, baftismarki ba ta ciki."

"Yaya za a yi su shiga, bayan uwarka da kakarmu sun tsaya a ƙofar coci sun ce sai dai a bi ta kan gawarsu?"

Wannan kam ba ƙarya ta yi ba. Wendel 'yar makiyayi ya auro, Saveta, 'yar asalin Romaniya, ba Bajamushiya ba, sai a cocin Otodoks da ke tsallaken titi aka ɗaura. Taku arba'in ne tsakanin cocin biyu. Ewald ya je Vienna, ya je Budapest, ya shaƙi ƙurar takardu har ta sa masa tari, amma taku arba'in ɗin nan sun gagare shi. Ba mugunta ba ce zalla. Mutanen Eschenau haka suke, in abu ba ya cikin littafinsu, to bai faru ba.

"Zan iya sa ki a ƙarshen littafi," ya ce, yana sosa ƙeya. "Cikin waɗanda muke godiya gare su."

"Godiya? Ka riƙe abarka. Kazar da ka ci ma ta fi ni gata, ita an san daga gidan da ta fito." Ta kwashe kwanukan da ƙarfi. "Littafin maƙabarta ba zai fita daga gidan nan ba sai ka tsallaka titi ka kwafo auren uwata da hannunka."

"Kwamiti ba zai yarda ba."

"To kwamiti ya zo ya tambayi siminti."

Ewald ya yi fushi, ya ce ai shi ma a garin aka haife shi. Washegari da hantsi ya ɗauki alƙalami ya nufi maƙabarta. Loni ta bi shi da bokitin ban ruwa, ba don ta taimaka ba. Kabarin iyayenta ne kaɗai ba siminti, furanni ja sun cika shi. Ta durƙusa tana cire ciyawa, tana kallonsa ta wutsiyar ido yana zagaye tsakanin faifan siminti ɗari uku da ba abin da ya bambanta su.

Can ya tsaya a gaban ɗaya, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe a haka, har kafaɗunsa suna rawa.

Tausayi ya kama ta, amma ba ta bari ya kai bakinta ba.

"Malam mai littafi! Wa kake yi wa kuka?"

"Mahaifina."

"Wannan tsohon mahauci ne, Krispin, wanda ya taɓa bin ka da wuƙa a kan tuffa. Gaishe shi da kyau."

Ewald ya mai da hularsa. Fuskarsa ta yi jawur. Ya duba hagu, ya duba dama, bai san inda ubansa yake ba. Ya fita ta ƙofar maƙabarta. Loni ta miƙe tana leƙe ta kan katanga. Ta ga ya tsaya a bakin titi kamar mai shirin tsallake kogi, sannan ya tsallaka.

Sai bayan azahar ya dawo. Ya ajiye shafin a kan teburinta. Ya soke kalmomin nan biyar, ya rubuta: ya auri Saveta Jurca, 1943. 'Ya ɗaya, Apollonia.

Ta karanta sau biyu. Ta shiga ɗaka ta fito da wani littafin 'yan makaranta, bangonsa ya yi baƙi don shan hannu. Ewald ya buɗe da ɗoki, sai ya yi turus.

"Wannan ai ba Jamusanci ba ne. Kuma ba rubutunki ba ne."

"Nawa daga tsakiya ya fara. Duba shekarar farko."

"1945."

"Hunturun da aka kwashe majiya ƙarfinku zuwa Rasha aikin kwal, har da babana da uwarka. Tsofaffi da jarirai aka bari, suna ta mutuwa, ba mai haƙa, ba mai rubutawa. Wa kake zaton ya ɗauki shebur? Uwata, wadda ko gaisuwa ba ku amsa mata. Ta ce ranar da suka dawo za su tambayi inda nasu suke." Ta ɗora yatsa a wani layi. "Ga yayarka, wata bakwai. Ita ta sa ta a rami da hannunta, a jikin bishiyar nan ta bakin katanga. Uwarka ta dawo, ta je ta yi kukanta a wurin, kuma har ta mutu ba ta tambayi wanda ya dasa gicciyen ba."

Ewald ya zauna a hankali. Ya shafa shafin da tafin hannu, idonsa ya ciko.

"Mahaifina fa?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Layi na shida, rami na tara. Duk kaka ina share masa ganye." Ta turo masa shafin gidansu. "Ka manta ranar rasuwar uwata. Ɗauki alƙalami, in faɗa maka."