Kifin Inna Nagamine

Dashnyam ya kai shekara talatin da takwas bai taɓa sa kifi a bakinsa ba. A inda ya tashi, can tsakiyar Mongoliya, nama ake ci da madara, kifi kuwa kakarsa ta ce na iskokin ruwa ne, ba a taɓa musu abinsu. Ya yi kokawa tun yana saurayi har ya yi suna a lardinsu, daga baya ya koma koyarwa. Da wata sakandare a Japan ta nemi wanda zai taimaki kocinta wajen horar da 'yan kokawa, ya kuma zauna da su a gidan kwanan ɗalibai, sai ya yi wata takwas yana koyon yaren, ya ɗaure kayansa ya taho. Babu wanda ya tuna ya gaya masa garin masunta ne.

Sauran abubuwa duk ya saba da su a hankali. Ya koyi ware shara kashi-kashi da ranar fitar da kowace, ya daina buga goshinsa a ƙofar banɗaki, ya iya rusunawa yadda ya kamata in ya gamu da shugaban makaranta. Yaran suka gutsure sunansa suka mayar da shi Malam Dashi. Ya yi sati biyu yana amsawa kafin ya gane dashi sunan romon kifi ne.

Matsalar tana kan tebur. Dokar gidan ita ce malami ya ci tare da ɗalibai safe da yamma, kuma ba a barin komai a kwano. Shi ne ma mai tsayawa a kansu yana cewa, "Ƙara shinkafa! Da wannan cikin za ka ture mutum?" Amma da an ajiye masa gasasshen kifi, ƙarnin ya daki hancinsa, sai ya kasa kai shi baki. Don haka ya samo dabara: leda a aljihun wando. Yana cin shinkafa da ganye, idan hankalin yara ya tafi wani wuri sai ya zura kifin a leda, daga baya ya kai bayan kicin ya zube wa kyanwar unguwa.

Kafin damina ta kankama ya zubar da kilo tara. Wata ranar Laraba, a filin atisaye, babban koci Malam Tsujimura ya ce ya shiga ya nuna wa yaran yadda ake tare mai kawo hari. Hayato ne ya fito, ɗan aji uku, shekararsa goma sha bakwai. Suka haɗu, Dashnyam ya kafa ƙafa kamar yadda ya saba, sai ya ji gwiwoyinsa sun ƙi. Yaron ya yi gaba da shi har ya fitar da shi daga da'irar kokawa, Dashnyam ya zauna daɓas a kan yashi. Hayato ya fi kowa tsorata, sai rusunawa yake yi yana ba da haƙuri.

"Me kake ba ni haƙuri?" in ji Dashnyam, yana kakkaɓe jikinsa. "Ka yi daidai."

Malam Tsujimura ya kalle shi daga sama har ƙasa.

Da yammar ranar ya zagaya bayan kicin da ledarsa, sai ya tarar da Inna Nagamine, mai dafa musu abinci, zaune a kan akwatin lemo tana jiransa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai ƙirjinsa ba. Kyanwar na kwance a gefenta, ta yi ɓul-ɓul.

"Malam, miƙo ledar nan."

Ya miƙa. Ta buɗe, ta duba, ta ƙulle.

"Ka san wa ya kamo wannan? Mijina. Ƙarfe uku na asuba yake fita, da ciwon bayansa. Ni kuma ina zaɓar maka mafi girma, ina cewa baƙonmu ƙato ne. Ashe wannan ɓarauniyar nake yi wa kiwo."

Kunya ta rufe shi. Ya haɗa 'yan kalmomin da yake da su ya ba ta labarin kakarsa, da yadda ƙarnin yake tayar masa da zuciya. Ta saurara har ya gama.

"To me ya hana ka faɗa? Baki gare ka. Daga gobe sai in riƙa soya maka kaza."

"A'a, Inna."

"A'a me?"

"Ina tilasta wa yara su cinye nasu. In aka ba ni wani abu daban, da wane ido zan kalle su? Abin da suka ci shi zan ci. Ki koya min."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "A koya wa ƙaton mutum cin kifi! To, ka same ni a bakin ruwa gobe ƙarfe biyar. Hancinka za mu fara yi wa magani."

Washegari ya je. Jiragen masunta na shigowa, tsuntsaye na ihu, ƙasa duk santsi. Bai yi taku goma a rumfar gwanjon kifi ba ya juya da gudu, ya durƙusa a bakin gaɓa ya amayar da shayin da ya sha. Masunta suka bar aikinsu suna kallo.

"Wannan ne zakaran da aka yo mana oda?" in ji wani dattijo mai tawul ɗaure a ka. Shi ne Shozo, mijin Inna. "Kai, ɗan samari, in ka gama ciyar da kifayenmu, zo ka kama min akwatin nan."

Dashnyam ya goge bakinsa, ya dawo ya ɗauki akwati biyu a haɗe, ya kai mota yana riƙe numfashi. Ya dawo ya ɗauki wasu. Shozo ya daina dariya ya ce, "To, ƙarfin dai akwai."

Haka ya riƙa zuwa kullum kafin atisayen safe. Ranar farko sau biyu ya yi amai, ta biyu sau ɗaya. A kwana na shida ya lura yana numfashi ta hanci bai sani ba. Inna kuma ta fara da shi daga ƙasa, kamar mai yaye. Ta fara ba shi dakakken kifi da aka soya, wanda ba ya kama da kifi. Daga nan farin kifi a cikin miya mai citta da yawa. Ya riƙa haɗiyewa ba tauna, yana bi da shinkafa, idanunsa na kawo ruwa.

"Tauna!" take ce masa. "Ba ƙwayar magani ba ce."

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Ran da ta gwada shi da busasshen kifi mai gishiri, ya tashi daga tebur a gaban yara ya fita waje. Da ya dawo ya tarar duk sun sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya zauna, ya jawo kwanonsa, ya ce, "Ku yi dariyarku ku huta. A ƙasarmu ba ma cin kifi. Wata biyu ina ɓoye nawa a aljihu ina kai wa kyanwa, shi ya sa Hayato ya kayar da ni. Yanzu koyo nake yi. Wanda ya iya cire ƙaya da tsinken cin abinci ya nuna min."

Dariyar ta fashe gaba ɗaya. Sai ga hannaye sha biyu a kan kwanonsa, kowa da tasa dabarar, wannan na cewa a fara ta baya, wancan na cewa ƙarya ne, ta ciki ake farawa. Ya cinye kifin a daren, ƙaya ɗaya ta maƙale masa a dasashi har washegari.

Bai taɓa jin daɗin kifi ba, kuma bai yi wa kowa ƙaryar yana ji ba. In Inna ta tambaye shi, "Yaya na yau?" sai ya ce, "Ya shiga." Amma nauyinsa ya fara dawowa, kilo ɗaya, kilo uku, har ya daina ɗaure wando da igiya. A ƙarshen watan Yuli, lokacin da bazarar Japan ke shigowa bayan damina, Malam Tsujimura ya tsayar da shi a ƙofar ofis.

"Sati mai zuwa za mu koma atisayen bazara a bakin teku. Gudu a yashi, sannan iyo. Kai za ka kula da 'yan aji ɗaya a cikin ruwa."

Dashnyam ya rusuna ya ce, "To." Sai da kocin ya shige ofis ya tsaya yana kallon bango. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne rafin da yake shayar da dawakin babansa, wanda bai wuce gwiwa ba.

Wannan karon bai nemi dabara ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ya shiga ya ce, "Malam, ban iya iyo ba. A sa wani a ruwa, ni in tsaya a gaɓa. Amma a ba ni zuwa ƙarshen bazara in koya."

Da asuba, bayan sun gama lodin akwatuna, ya gaya wa Shozo. Tsohon ya cire tawul ɗin kansa ya share wuya.

"Wai kai me aka koya maka a ƙasarku?"

"Doki da kokawa, Baba."

"To ai ga shi babu doki a nan." Ya nuna wani lungu a bayan katangar tashar jiragen, inda ruwan yake kwance. "Cire rigar. In ka nutse ba zan iya ɗago ka ba, sai dai in kira mai motar ƙugiya ta ɗaga kaya, don haka ka bi a hankali."

Dashnyam ya ninke rigarsa ya ajiye a kan dutse. Ruwan ya fi yadda ya zata sanyi. Ya shiga zuwa gwiwa, zuwa ƙugu, ya tsaya da ya kai ƙirji, yana jin yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Yanzu sa fuskarka a ciki," in ji Shozo daga kan katanga. "Ka ƙirga biyar."

Ya ja numfashi ya sunkuya. A uku ya ɗago yana tari, gishiri na fita ta hancinsa.

"Uku ke nan. Sake."