Layin Alli a Bangon Osumanu

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Musah ya shanye. Da can dako yake yi a kasuwar Makola. Yanzu 'yarsa Samiratu ce ke kai shi unguwar Maamobi duk Talata, wurin Osumanu mai tausa.

A asibiti an ce masa hannun sai ya shekara yana motsa shi, kuma wataƙila ma ba zai dawo ba. Wurin Osumanu kuwa, bayan tausa majinyaci yakan tsaya jikin bango ya ɗaga hannu iya ƙarfinsa, Osumanu ya ja layi da alli inda yatsa ya kai. Kowane mako sabon layin Musah yana saman tsoho. Sai ya daina zuwa asibiti.

Wata Talata trotro, motar haya, ta sauke su da wuri. Samiratu ta bar mahaifinta a benci ta leƙa ciki. Ta tarar da Osumanu da jiƙaƙƙen tsumma yana goge layin makon jiya, yana sake jansa ƙasa da faɗin yatsa biyu.

"Kawu, wannan fa?"

Bai ko ɓoye tsumman ba. "Aikina nake yi."

"Hannun bai tashi ba ke nan."

"Tun azumi yana inda yake. Amma babanki yana cin tuwo, ko? Yana aski, yana zagin 'yan ƙwallo a rediyo. Su masu gaskiyar na asibiti me suka ba shi? Ga shi can, je ki gaya masa."

Sai da suka koma gida Nima ta gaya masa. Musah ya daɗe yana kallon hannun a kan cinyarsa, sannan ya ce ta ɗauke kwanon tuwon da ke gabansa. Talatar da ta biyo baya bai tashi ba. Ta yi masa maganar asibiti, ya juya mata baya. Kwana tara ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan koko.

Ta koma Maamobi ita kaɗai.

"Zan karɓe shi," in ji Osumanu. "Amma a gabansa, a gaban mutanen benci, za ki ce ƙazafi kika yi mini."

Ran Talata ta lallaɓa shi suka je, ta faɗi haka a gaban kowa. Wata tsohuwa ta yi tsaki. Musah ya ce, "Ka yafe mata, Malam, boko ne ya ɓata ta." Ya miƙa wa Samiratu sandarsa ta riƙe, ya ja ƙafa zuwa bango.