Harawa a Ƙarƙashin Sola

A gindin darbejiyar ƙofar shagon Muntari mai cajin waya aka ƙulla maganar, a Rurum Sabon Gari. Darbejiyar ce ma ta jawo, don ta lulluɓe rufin shagon, farantan solar da ya sayo a Kano ba sa ganin rana. Soron maƙwabcinsa Malam Ishiyaku kuwa, tun hantsi rana take gasa shi.

"Baba, ka ba ni saman soronka in ɗora farantan nan. Ni kuma in ja maka ƙwan lantarki ɗaya a zaure, wayarka caji kyauta."

"Da ta Hajiya," in ji Malam Ishiyaku, yana nufin matarsa.

"Da ta Hajiya. Amma harawar nan ta sama, a sauke ta."

"A sauke ta ina, ɗan nan? Awakin Jummai su yi walima? Zan dai matsar da ita."

Suka tafa.

Harawar ba ta wasa ba ce. Da ita Malam Ishiyaku yake kiwon ragon layyarsa, wanda ya riga ya sanar a majalisa cewa bana ba kamarsa daga nan har Kibiya. Jummai mai ƙosai kuwa tana da awaki marasa kunya, ko tabarma aka shanya sai sun ɗanɗana.

Muntari ya kafa farantai a kan ƙafafun ƙarfe. Wayar wuta ba ta kai ba, ya ƙara da wata tsohuwa, ya murɗe. Salatif ya ƙare, ya naɗe mahaɗin da leda ya sauko.

Washegari Malam Ishiyaku ya hau matsar da harawa. Ya leƙa ƙarƙashin farantan, ya ga inuwa lumshi, ba mai ita. Harawar da rana ta daka fari take yi ta kakkarye, ta inuwa kuwa kore shar. Ya cusa dami-dami har ba wurin sa hannu. Ai ya matsar.

Sallah ta gabato. Wata rana bayan azahar, rana kamar ta fasa kai, mahaɗin nan ya yi zafi, leda ta narke, tartsatsi ya sauka inda aka yi masa shimfiɗa. Hajiya ce ta fara ganin hayaƙi ta ƙwalla salati.

Muntari ya fito a guje. "Kada a watsa ruwa, zai ja mutum! A kawo yashi!"

"Kashe abin mana!" in ji Malam Ishiyaku.

"Baba, rana ce take kunna shi. Sai dai ka kashe rana!"

Tsohon da kullum yake kukan gwiwa ya haye tsani kamar ƙadangare. Ya dinga fizgo damin da wuta ba ta kama ba yana jefowa titi. Jama'a kowa da kwanon yashi, ba mai duban ƙasa. Da hayaƙi ya lafa ya leƙo, sai ya ga awakin Jummai sun kewaye harawar, har da baƙin da suka gayyato.

"Jummai! Awakinki!"

"Malam, ni ban aike su ba. Daga sama ta sauko musu."

Soro dai ya tsira, sai baƙin tabo. Muntari ya yi asarar farantai, ya dawo yana harin reshen darbejiya da gatari. Malam Ishiyaku ya rasa harawa da ƙwai da caji, har da na Hajiya, wadda ba ta bar maganar ba. Rago ya koma cin dusa da ɓawon rake, ranar sallah aka yanka shi a bayan gida ba a kira kowa ba. Riba kuwa awakin Jummai suka ci, har yau in sun zo wucewa sai sun ɗaga kai sun dubi soron.