Shafukan da Malama Dije Ba Ta Rufewa

Ana saura awa biyu a fara walimar saukar karatu, kwamfutar ofishin Islamiyyar ta ƙi. Takardun shaidar ɗalibai arba'in ne Malama Dije, sakatariyar makarantar, za ta buga, amma da ta taɓa sai wani ɗan akwati ya faɗo da Turanci, wai ba za a iya buɗe komai ba kuma. Ga iyaye har sun fara cika rumfa.

Ta kira Sharhabil mai gyara daga Mando. Ya zauna, ya leƙa, ya zare tabarau ya goge.

"Malama, shafi ɗari biyu da wani abu a buɗe! Yaushe rabonki da kashe ta?"

"Murfin nake saukewa. Tun bayan ƙaramar salla."

Ya yi mata bayani a hankali. Sunayen yara suna jadawali guda, izu-izun da suka kai suna wani, na iyaye suna wani, duk an ɗaure su da juna. Kowane shafi da ta buɗe yana riƙe da igiyoyinsa, igiyoyin kuma a ƙidaye suke. Sun ƙare.

"Bari in rufe su gaba ɗaya."

Dije ta dafe linzamin kwamfutar da hannu biyu. "Injiniya, ka ji tsoron Allah. Yaro yana tsakiyar karatu in rufe masa shafi? Da wane ido zan kalli uwarsa in kansa ya toshe?"

"Ba abin da zai goge, Malama."

"Ni ba gogewa nake faɗa maka ba."

Ya duba agogo, ya dube ta. Da ƙyar suka daidaita: ita za ta rufe da hannunta, ɗaya bayan ɗaya.

"Zulaiha, Allah Ya buɗa miki." Ƙyas. "Hamza, kai dama ba ka ji, amma Allah Ya buɗa." Ƙyas.

Sharhabil yana amin yana share gumi. A waje an fara gwada lasifika.

A shafi na sittin da uku firinta ta yi tari, ta jawo takarda. Dije ta janye hannunta nan take.

"Saura fa, Malama?"

"Saura su yi zamansu."

"Wallahi jibi za ta sake tsayawa."

Ta ɗaga takardar farko tana duba sunan, da ɗuminta.

"Ai ina da lambarka," in ji ta.