Takobin da Solvej Ta Goge

Shekara goma sha tara ke nan ni ke duba makamai a ƙungiyarmu ta yaƙin kwaikwayo irin na zamanin da, tun ina walda a ma'aikatar jiragen ruwa har na ajiye aiki. Ba wani ilimi a ciki. Kwandalar krone biyar ce ta kuɗin ƙasarmu, mai huda a tsaka, rataye a wuyana. Sai in gwada ta da bakin takobi. In bakin ya kai kaurinta, takobi ya shiga fili. In bai kai ba, ko na wane ne, ya koma tanti. Sara muna yi da gaske, yanka ne ba ma yi.

Solvej tsohuwar ungozoma ce, shekararta hamsin da bakwai. Hunturu biyu ta yi tana zuwa atisaye duk Talata kafin a yarje mata shiga babban yaƙin Yuli a bakin teku. Takobinta na hannu ta saya, baƙi ƙirin, duk giɓi. Asger, wani direban bas mai baki kamar rediyo, ba ya ganinsa ya yi shiru.

"Ke ungozoma, wannan na tonon dankali ne?"

Takan yi dariya, amma ni ina ganin kunnuwanta sun yi ja.

Ranar Asabar ɗin yaƙin da safe aka yi layi a gabana. Da aka zo kanta ta zaro takobin daga kube a hankali. Ƙarfen nan yana ɗaukar ido, har gemuna na gani a ciki. Ta naɗa wa ƙotar sabuwar fata da zaren tagulla. Giɓi ko ɗaya babu.

"Mako uku na yi a gareji," in ji ta. "Yaya ka gani, Torkil?"

Tun kafin in taɓa na san abin da ya faru. Ta aro injin gurza ƙarfe, ta bi giɓin nan tana cin ƙarfen ta gefe da gefe, yadda ake wasa wuƙar kicin. Na ɗora kwandala. Ko rabin kaurinta bakin bai kai ba.

"Ya yi kyau ƙwarai," na ce. "Amma ba zai shiga ba."

"Haba tsoho, sake gwadawa mana. Ai ba ya yanka."

Na ɗauko karas daga kwandon masu girki, na sauke takobin a kai da nauyinsa kawai. Karas ɗin ya rabu biyu.

"Yatsan wani ke nan," na ce.

Ba ta yi musu ba, ta fi ni sanin yatsa da jini. Aro kuma ba zai yiwu ba, don a ƙa'idarmu sabon shiga da takobin da hannunsa ya saba da shi yake yaƙin farko. In ta rasa na yau, sai baɗi. Ta mayar da shi kube, ta koma bayan tanti ta zauna a kan damin ciyawa.

Gyara ɗaya ne: a ci bakin kai tsaye har a iso inda ƙarfen ke da kauri. Da inji aikin minti ashirin ne. To ƙarfe goma ta yi, an buɗe wa 'yan kallo ƙofa, kuma daga nan ba a yarda a ga kayan zamani a sansani ba, ko da fulas ɗin kofi ne, balle abu mai lantarki. Sai dai dutsen washi na juyawa da hannu da ke rumfar maƙera. Yaƙi ƙarfe biyu.

Na iske Asger yana cin baƙin burodi da kifi.

"Tashi, mai baki. Kai ka jawo, kai za ka juya."

"Ni? Ni na ce ta mayar da shi reza?"

"Kai ka ce na dankali ne. Hunturu biyu kana faɗa."

Ya dubi inda take zaune, ya ajiye burodin.

Solvej da kanta ta riƙe takobin a kan dutsen, ina nuna mata. Karon farko da dutse ya karce ƙyallin nan sai da ta runtse ido. Asger yana juyawa, gumi na ɗiga daga gemunsa, 'yan kallo sun taru suna ɗaukar hoto, sun zaci cikin wasan ne.

Wani ya tambaya, "Wasa shi kuke yi?"

"Dakusarwa muke yi, maigida," in ji Asger yana haki. "Mu nan komai a baibai muke yi."

"Juya dai, direba," in ji Solvej. "Na ga matan da suka yi awa ashirin suna naƙuda ba su yi rakinka ba."

Biyu saura kwata na bi bakin da kwandala tun daga ƙota har tsini, gefe biyu. Ya kai. Takobin ya rame, ya yi zane-zane, kyan nan na mako uku ya tafi, sai fatar ƙotar kaɗai. Na ɗaura masa jan zare, alamar ya wuce.

Ta sa kwalkwali, ta ɗauki garkuwa, ta shiga sahu na biyu. Minti uku ta yi a tsaye. Ta tare sara biyu, ta kai ɗaya, sannan wani mai mashi daga ƙungiyar Norway ya taɓa ta a haƙarƙari. Ta faɗi yadda aka koya mata, garkuwa a kan fuska. Ina hango kafaɗunta suna rawa, gawa tana dariya.

Bayan an tashi ta kawo mini takobin. Sabon giɓi ɗaya kusa da tsini. Na ɗauko magagari, ta riƙe hannuna.

"Wannan kada ka taɓa mini shi."

"Ƙayar bakinsa kawai zan cire, kada ta yagi wani. Giɓin naki ne."

Sai da ta leƙa ta ga inda na ɗora magagarin kafin ta saki hannuna.